Ranar da Muka Binne Baba Kadiri Yana Magana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da asubahin Talata, 14 ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran Alhaji Kadiri Sulemana, mai gabatar da shirye-shirye a ƙaramin gidan rediyon unguwarmu da ke saman bene a Maamobi. Mu Baba Kadiri muke ce masa. Sunana Hafiza, daga Nima, unguwar da ke manne da Maamobi. Ban iya tsayawa gaban mutane in yi magana ba, shi ya sa na rubuta.

Baba, a gidanmu kai ne agogo. Kakata Memuna, wadda ta rene ni, idanunta sun daɗe da rufewa, rediyo kuma ba ya barin gefen tabarmarta. In ka sa karatun Alƙur'ani, ta san lokacin hura wuta ya yi. In ka fara labarai, da Hausa sannan da yaren Twi, sai ta ce in ɗauki bokitin koko in fita bakin titi. Da hantsi kana faɗin yadda albasa da doya suka kwana a kasuwar Agbogbloshie, kana tsokanar direbobin da suka taso daga arewa, wai barcinsu ya fi kayansu nauyi. Daga nan shirin lafiya, sai gaishe-gaishe, sai sanarwar rasuwa kafin azahar. Ba ka taɓa karanta sunan mamaci da sauri ba. Kakan yi shiru kaɗan bayan kowane suna, ka ce a bar mutum ya wuce a hankali.

Sau ɗaya makarantarmu ta kai mu shirin yara. Ka ce in gaida mutanen gida, bakina ya ƙi buɗuwa, yara suka fara dariya. Sai ka ce, “Jama'a, Hafiza ta gaishe ku da murmushi, ni na gani, ni ne shaida.” Ba ka sake matsa mini ba.

Amma abin da ya ɗaure ka da gidanmu shi ne cigiya. Mahaifina Ukasha ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya tun ina goye, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kowace la'asar, bayan cigiyar yaran da suka ɓata da tumakin da suka tsinke igiya, sai ka ce, “Ukasha ɗan Memuna, in kana jina, ko wani da ya san ka yana jina, uwarka tana nan a Nima, ba ta tashi daga gidan ba.” Shekara da shekaru kana faɗin haka. Mutane sun gaji da ji, wasu ma sun ce ka daina. Ka ce yanzu ana kama tashar a waya har ƙasashen waje, kuma kunne ba ya da iyaka. Kaka ba ta cin abincin yamma sai ta ji wannan kiran.

Da za ka tafi asibiti ranar Litinin, ka ce gwaji ne kawai. Don kada tasha ta yi shiru, ka naɗi shirye-shiryen Talata gaba ɗaya, ka bar wa Mutala, abokin aikinka mai kula da na'urori. Da labarin rasuwarka ya same shi, sai ya ruga gidanka da kuka, ya bar na'ura tana aiki.

Haka muka wuni da kai, Baba. Ana yi maka wanka, kana yi mana barka da asuba. Ana ɗinka likkafaninka, kana dariya da direbobi. Da lokacin sanarwar rasuwa ya yi, na ji ka ce, “Yau ban sami labarin rasuwa ba. Allah ya sa mu wuni a haka.” Sai ka yi shirun nan naka. Mutane da yawa ba su je jana'izarka ba, don duk wanda aka gaya wa sai ya nuna rediyo ya ce ga ka nan. Wani tela a layinmu ya kusa marin wanda ya kawo masa labarin. An fito da makararka ta gaban shaguna, muryarka tana fitowa daga kowane shago, kana gaida masu aure da masu suna.

Kaka ma ta ƙi yarda da ni da na gaya mata. Sai da la'asar, lokacin da maza suka dawo daga maƙabarta da jar ƙasa a ƙafafunsu, maƙwabcinmu ya shigo ya tabbatar mata. Bai rufe baki ba, ka kira sunan mahaifina. Kaka ta lalubi rediyon ta kife shi a kan tabarma. Ranar ba ta ci komai ba.

Mutala ya so ya kyauta mana. Ya yanko wannan kiran naka, ya ci gaba da sa shi kowace la'asar. Kaka ta daina barci sosai, ta rame. Ta kasa kashe rediyon, ta kuma kasa saurare. Bayan addu'ar bakwai ta ce in kama hannunta in kai ta tashar. Mun daɗe a kan matakalar benen saboda gwiwoyinta.

“Mutala, ɗana, cire muryar bawan Allahn nan.”

“Kaka, in na cire, wa zai kira shi? Ni ban iya yadda Baba yake yi ba.”

“Mamaci ba ya kiran mai rai. In ya yi ta kira, wata rana za a amsa masa. Ka bar shi ya kwanta, ka bar mini ɗana a wannan gefen na masu rai.”

Mutala ya cire. Da lokacin cigiya ya yi, ya zaunar da ita a kujerarka. Ta shafa teburin har ta taɓa abin magana, ta ce, “Ukasha, ni ce. Wanda yake kiranka ya rasu. Yanzu saura ni.”

Mutala ya ce bari ya naɗi muryarta, don kada ta riƙa wahalar hawa bene kullum. Ta ce, “Kada ka ajiye ni a cikin inji. Ranar da ba a ji ni ba, Ukasha zai san na tafi.” Tun daga ranar, kowace la'asar muna hawa.

Baba Kadiri, ka yafe mana da muka cire muryarka. Ba ƙi ba ne. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka amsa tambaya cikin natsuwar da kake karanta sunayen mutane. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Kaka ga matarka Hajiya Fusena da 'ya'yanka, da Mutala, da duk mutanen Nima da Maamobi, musamman waɗanda muryarka ta hana su raka ka. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.