Jirgin Da Na Faɗa Wa Umma

Ɗan Yamai ne ya jawo mini. Maƙwabcina ne a unguwar Panyu, can ƙasar China, ƙofarsa na kallon tawa, kuma tare muke zuwa Xintang sarin wandunan jins. Mutum ne da ya tashi a bakin kogi, ba ya gajiya da gorin wai mu Kanawa ko a baho muka ga ruwa sai mun yi salati. A wani lokacin zafi, bayan mun sallami kwantenarmu a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ya zo da labarin wani wasa da 'yan China ke yi a tsaunukan arewa da gari. Mutum biyu za su zauna a jirgin roba da aka hura wa iska, a sako ruwa daga saman dutse, ya kwaso su yana bugawa da duwatsu har ƙasa. Ya ce mu je mu wanke gajiya.

Abin da bai sani ba, ni akwai alkawari a wuyana. Yayana, ɗan farin Umma, a kududdufin bayan unguwarmu ya rasu wata damina, ina ƙarami. Saboda kunyar ɗan fari Umma ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma ko a zaman makoki ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai dai ta kira ni ɗaki, ta riƙe kunnena, ta ce ba ta yafe ba in na shiga ruwan da ya wuce gwiwata. Na girma a haka. 'Yan ajinmu suka je madatsar ruwa ta Tiga yawon buɗe ido, ni ina gida ina tsinkar zogale.

Da na faɗa masa haka tun farko, da ya ƙyale ni, don yana da mutunci. Amma girman kai ya hana. Gaskiya kuma ina so. Tun ina yaro nake son sanin abin da ke cikin ruwan nan da aka hana ni.

Muka zauna zaɓen wuri a waya. Kowane kogi da hanyarsa biyu, mai sanyi ta yara da tsofaffi, da mai zafi inda jirgi ke faɗowa daga tudu. Na nuna mai sanyin, ya kalle ni ya ce ashe da jikokina zan je. Muka ɗauki mai zafin. Na yi ta bincike kamar mai shirin aure: ko suna ba da hular kwano, ko rigar hana nutsewa tana ɗaukar ƙato irina, ko akwai masu tsaro a kowace kwana. Duk akwai. A kasuwa na sayi takalmin roba mai maɗauri da 'yar jakar da ake rataya waya don kada ta jiƙe. Na tambayi mai shagon wando mai rufe gwiwa, ya ce meyo, wato babu, sai na yanke ƙafar wani tsohon wandona. Muka tanadi gurasa da soyayyen naman halal, don can kan tsauni ba a san me za a tarar ba.

Komai ya kammala sai abu ɗaya. Ban taɓa yin tafiya ba tare da addu'ar Umma ba, ko Zariya ce. Ana gobe tafiya na kira ta bayan la'asar, lokacin hantsi ne a Kano. Na daɗe ina juya maganar a raina, kuma Hausa ce ta ba ni mafita. A wajenmu na sama jirgi ne, na ƙasa jirgi, na ruwa ma jirgi.

Na ce, "Umma, gobe in Allah ya kai mu za mu shiga jirgi, ni da maƙwabcina. A sa mu a addu'a."

Ta ce, "Allah ya tsare, ya sauke ku lafiya."

Na amsa da amin. Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina a mota har muka isa. Amma na san jirgin da ta gani a ranta, kuma na bar ta da shi.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne daɗin da na ji. Aka ɗaura mana rigunan hana nutsewa, muka zauna muna fuskantar juna, kowa ya riƙe igiyar gefe. Ba a ba mu abin tuƙi ba, ruwa ne ke da iko. Da muka faɗa gangaren farko, farin ruwa ya rufe ni ruf, sanyinsa har cikin haƙori. Na ɗago ina tari, sai na ji kaina ina dariya irin wadda rabona da ita tun yarinta. Ɗan Yamai, gwanin kogi, shi ne ke ta salati. A wani wuri ruwan ya lafa, muka yi ta shawagi a ƙarƙashin itatuwan gora. Nan Yaya ya faɗo mini a rai. Na ce ashe wannan ne ya ja shi, ba rashin jin magana ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar ina raye ina jin daɗin abin da ya kashe shi.

Da muka sauya kaya, abokina ya dafa ni ya ce iya ruwa fidda kai, yau Bakano ya fita kunya. Sai a lokacin na ba shi labarin alkawarin. Da muka shiga gari ya ce in kira Umma in faɗa mata, uwa ba ta riƙe ɗanta.

Washegari na kira da niyyar faɗa. Kafin in gama gaisuwa ta tambaya ko mun sauka lafiya, na ce lafiya ƙalau. Ta ce maƙwabciyarta ta yi ta mamakin yadda ba ta damuwa da yawan hawa jirgina, ga haɗurran da ake ji a rediyo.

"Na ce mata ni sama ba ta taɓa ɗaukar mini kowa ba," in ji Umma. "Ruwa ne ya ɗauki yaron nan. Kai kuwa tun da na yi maka magana ban sake tunanin ruwa ba, barcina nake yi."

Tun rasuwarsa ban taɓa jin ta ambace shi ba sai ranar. Takalmin robar na bakin taga bai gama bushewa ba. Na buɗe baki, sai na ji na ce Allah ya ƙara lafiya, Umma. Ta ce amin, Allah ya yi mini albarka.