Jamusancin da ya gagari Yaya Habibu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Habibu, Allah Ya jiƙansa. Har yau idan na shiga titin Zhanxi Lu sarin takalma, akwai tsofaffin masu shago da ke tambayata labarinsa.

Tafinta ne a nan Guangzhou. A bakin 'yan kasuwa ya tsinci Sinanci, bai taɓa zama aji ba. Alhazan Kano da na Maraɗi shi suke nema tun kafin su ajiye jaka, domin ko mai shago ya ce babu, Yaya zai ja shi da barkwanci har kaya su fito. Da sabunta biza ya yi wuya, wani Bajamushe da ya saba yi wa tafinta a kasuwar baje koli ta Pazhou ya ce ya taho ƙasarsu, ana neman masu Sinanci.

Na ce, "Yaya, da furfurarka za ka koma koyon wani harshe?"

Ya yi dariya ya ce, "Sabi'u, wanda ya iya da Sinanci me zai gagare shi?"

Ya gagare shi kuwa. Da ya isa Jamus, duk inda ya nemi aiki, shaidar iya Jamusanci ake fara tambaya. Ya zauna aji da sa'annin 'ya'yansa, ya yi jarrabawa ya faɗi, ya sake ya faɗi. Ƙarshe aikin ɗaure kwali ya samu a wani sito. Ya taɓa ce mini a waya, "Ƙanena, a nan kurma na zama. Ko ciwon ƙirjina na kasa yi wa likita bayani." Ciwon nan ne ajalinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sana'arsa ma tana mutuwa a nan, yaranmu waya suke miƙa wa Basine ta fassara. Ga kuma 'yarsa Nafisa, wadda ta gama karatun jinya a Kano, ta dage Jamus za ta. Mahaifiyarta ta kira ni tana kuka, wai in hana ta.

Da na yi wa Nafisa magana sai ta ce, "Baffa, ba zan taka ƙasar ba sai bakina ya buɗe. Na riga na ci jarrabawar Jamusanci ta farko."

Yaya bai bar mata gida ba, bai bar mata shago ba. Abin da ya bari shi ne wannan ƙarfin halin, kuma ni na ga inda ya kai shi. Ban hana ta ba. Amma na kasa ce wa mahaifiyarta ta kwantar da hankalinta, domin nawa ma bai kwanta ba.