Hannuna na Dama

Ina rarrafe na faɗa murhu. Ban tuna zafin ba, labari aka ba ni. Abin da na taso na tarar shi ne hannun dama wanda yatsunsa suka manne da juna, fatar ta tattare kamar ganda. Kakata takan ja mini hannun riga ya rufe shi idan baƙi sun zo. Ba ta taɓa zagina ba. Jan rigar nan ya ishe ni sanin matsayina.

Da na girma na yi aure, na kama sayar da tumatur a kasuwar Farin Gada. Tumatur ɗina ba ya kwana, kowa ya san wannan. Amma da hagu nake miƙa kaya, kuma a ƙasarmu miƙa wa mutum abu da hagu raini ne. Don haka kowane mai saye sai na ce masa, "A yi haƙuri da hagu." Na faɗa wa alhazai, na faɗa wa ɗalibai, har yaran da na haifi kamarsu. Tun ina ba da haƙuri don hannun, har na koma ina ba da haƙuri don ni kaina.

A coci kuwa, ran Jibin Ubangiji dattawa ne ke zagayawa da faranti, kowa ya sa hannu ya ɗauki gutsuren gurasa. Hannun dama ba ya iya tsinta. Hagu kuma, yaya zan karɓi abin Allah da hannun da nake wanke bayan gida da shi? Sai na riƙa tashi in fita tare da waɗanda ke ƙarƙashin horo, wato masu laifin da aka dakatar daga cin jibin. Mata suka yi ta raɗe-raɗin abin da na aikata. Na ƙyale su. Gara a ce mini mazinaciya da a ga hannun nan a kan faranti. Haka na yi har gashina ya fara fari.

Maƙwabciyata a kasuwa wata 'yar Ibo ce mai sayar da manja, bakinta ba linzami, Hausarta kuma ba ta raba mace da namiji. Washegarin wani bikin Ista, na tunawa da tashin Yesu daga matattu, ta tambaye ni ko na ci jibi. Na ce ba na ci. Ta matsa, na gaya mata dalili.

Ta ajiye mazurari ta dube ni.

"Mama tumatur, kai yana da wauta fa."

"Ki iya bakinki, na girme ki."

"Girma na banza! Yesu da ya tashi, hannunsa ya warke? Ramin ƙusa yana nan. Ya sa cikin aljihu? Ya nuna wa mutane, ya ce su taɓa. Kai kuma kana ɓoye naka kamar naman sata."

Na ce mata manjanta ruwa ne rabi, ta ce tumatur ɗina tsutsa ce rabi, aka tashi kasuwa. Amma maganar ta bi ni gida. Na sha jin labarin nan daga bakin fasto, ban taɓa lura cewa wanda ya tashi daga kabari bai nemi sabon hannu ba. Da tabonsa ya koma wurin Ubansa, aka karɓe shi.

Da jibi ya zagayo ban fita ba. Faranti ya iso, na naɗe hannun riga, na buɗe dama, na tallafe ta da hagu daga ƙasa. Dattijon ya tsaya, bai san yadda zai yi ba. Na ce, "Baba, ɗora mini." Ya ɗauka ya ɗora. Matar da ke gefena ta kalli hannun, ta kalli fuskata, ta mayar da ido ga littafin waƙa. Gurasar ta ɗan bushe. Na ci.

Hannun bai sauya kama ba, yana nan yadda murhu ya bar shi. Ran Litinin wani oga ya tsaya da mota ya sayi kwando guda. Na miƙa masa da hagu. Ya ɗan jira kalmar da aka saba ji. Na ce, "A sauka lafiya."