Irin Dawar da Aka Raba Mana

Shekarar da fara ta cinye mana gero ina da aure, matata tana goyon fari. Mahaifinmu ya riga ya rasu, gandu yana hannun yayana, muna zaune gida ɗaya a Limawa tare da Inna, mahaifiyarmu. Farar ta sauka gero ya fara ido. Da ta tashi, kara kawai ta bar mana.

Kafin bazara rumbu ya ƙare, har irin da muka ɓoye a tulu mun ci. Muka sayar da awaki. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna sheƙe ɗan abin da suka samu, yara kuwa sai gaigayar goruba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Nasara ya sa an buɗe baitulmali a Kano an sayo hatsi saboda manoman da fara ta yi wa ɓarna. Ba mu gaskata ba sai da muka ga jakuna da buhuna a ƙofar hakimi. Dogari ya yi shela cewa wannan iri ne, ba na tuwo ba, wanda aka kama ya daka shi zai sha bulala. Gidanmu ya samu ƙwarya guda ta dawa, ja, mai manyan ƙwayoyi.

Da yawa a unguwa sun ci nasu a ɓoye. Matar Yaya ma ta roƙe shi ya ba ta ko rabi ta yi wa ƙaramar 'yarta kunu, don ƙafafun yarinyar sun fara kumburi. Inna ta sa baki, ni ma na sa.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Yaya. "In muka ci yau, baɗi dukanmu za mu mutu."

Ya kai ƙwaryar ɗakinsa, ranar da aka yi ruwan shuka muka binne ta kaf, ko ƙwaya ba mu rage ba.

Dawar ta fito da kyau, ta yi tsawo har ta shanye mutum. Masu wucewa suna tsayawa suna sa albarka. Yarinyar ba ta ga wannan ba, ta rasu muna noman farko. Matar Yaya ta ci gaba da kai mana ruwa gona, amma sai ta ajiye nesa da mijinta ta juya.

Ruwa ya ɗauke a lokacinsa, dawar ko kai ba ta gama fitarwa ba. Muka jira, ganye ya bushe. Na murza zangarniya a tafin hannu na hura, ban ga komai ba. Daga baya wasu fatake suka gaya mana daga kudu aka sayo ta, inda damina take daɗewa. Babu wanda ya zo daga Kano ya duba, mu ma ba mu san wa za mu kai wa kuka ba.

Yaya ya sare karan da hannunsa ya ɗaure, ya hana ni taya shi. Da kaka ta wuce ya danƙa mini gandu ya bi masunta Haɗeja. Yakan aiko da busasshen kifi, amma bai dawo ba sai ta'aziyyar Inna, a lokacin ma a zaure ya kwana.