Shayin da Inna Ta Jinkirta Saboda Ni

Na Allah ne mu, kuma wurinSa makomarmu take. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan jiya, jim kaɗan bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran surukata, mahaifiyar mijina, wadda kowa a layinmu yake kira Inna, har da waɗanda suka girme ta. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita a asibiti, bai kuma ja lokaci ba. A wajen zaman makoki an faɗi alheranta da yawa: marasa lafiyar da ta yi jinya, ma'auratan da ta sasanta, yaran maƙwabta da ta goya. Duk gaskiya ne. Ni abu ɗaya nake so in rubuta, domin ni na san nauyinsa. Inna, da ke zan yi magana, kamar yadda muka saba a kicin.

Tun rasuwar mijinki kika dawo wurinmu da zama, kuma tun ranar kicin ya fita daga hannuna da safe. Ban yi gardama ba, don ba wanda ya isa ya ja da ke a kan shayi. Da an idar da sallar asuba sai a ji ƙarar ashana, sai butar nan taki mai lanƙwasasshen hannu ta hau murhu. Shayinki mai kauri ne, madara har sai cokali ya ji nauyi. Dokokinki kuwa biyu ne, kowa ya haddace su: ba mai fita daga gidan nan da ciki wayam, kuma ba a shan magani a kan yunwa. Kin yi imani da ta biyun nan kamar yadda kika yi imani da fitowar rana.

A bara ne jikina ya fara juya mini baya. Ni malamar firamare ce, aikina tsayuwa da ɗaga murya, sai ga shi tsayuwar ta gagara, muryar ta dushe. In kwana ina barci, in tashi kamar wadda ta yini tana dakon bulo. Ana zafi kowa na fifita, ni ina cikin rigar sanyi. Fatata ta bushe, gashina yana bin mataji, kayana suka matse ni alhali abincin ma ba ci nake sosai ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne mantuwa. Wata rana na tsaya gaban allo da alli a hannu, na kalli yarinyar da na shekara ina koyarwa, sunanta ya ɓace mini ƙaf.

Ɗanki direban bas ne, mutumin da yake barin gida da sassafe don ya samu lodin farko a tasha. Ba mugu ba ne, kin sani na sani, amma bai yarda da ciwon da ba ya zubar da jini ko ya kawo zazzaɓi ba. Da farko zolaya yake yi. Daga baya zolayar ta ƙare, ya koma shiru, shirun kuma ya fi zagi ciwo. In ya dawo ya tarar da kwanuka a jiƙe, ni kuma a kwance, sai ya girgiza kai ya wuce. Kalmar raguwa ta fara fita daga bakinsa. Ran nan ina ɗaki na ji shi yana ce miki, “Inna, ni fa na gaji. Ko dai ta je gidansu ta huta, in ta dawo hayyacinta a yi magana.” Ni da ke duk mun san irin wannan hutun, ba kowace mace ke dawowa daga shi ba. Na danne bakina da filo don kada ku ji kukana.

Amsar da kika ba shi tana kunnena har yau. Kika ce, “Yarinyar da na sani tana sauke labule ta wanke ranar hutunta don kawai hannunta na ƙaiƙayi, ba da girmanta za ta koyi lalaci ba. Ba inda za ta je sai asibiti.” Washegari kika ɗauki mayafinki, kika tasa ni gaba.

Aka ɗebi jinina, muka koma karɓar sakamako. Ke kika zauna a benci a waje, kina cewa ɗakin likita na mai ciwo ne. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta taɓa gaban wuyana ta yi mini bayani. Ta ce akwai wani ɗan ƙululu a wurin da suke kira tayirod, shi ke fitar da sinadarin da ke tafiyar da kuzarin jiki, nawa kuwa ya rage aiki. Ta ce ƙwaya ɗaya ce ƙarama kullum da safe, kuma mai yiwuwa har ƙarshen rayuwa. Ta faɗi yadda ake sha, na gyaɗa kai, amma kan da ya kasa riƙe sunan ɗalibarsa ina zai riƙe wannan? Kafin in kai bakin ƙofa rabin maganar ta zube. Da na gaya miki abin da na tuna, sai kika tafa hannu kika ce, “Alhamdu lillahi! Ashe ba ke ce raguwa ba, wuyanki ne rago.” Na yi dariya a barandar asibiti, dariyar da na daɗe ban yi ba.

Daga nan kika karɓe kwalbar maganin, tunda ni ba abin dogaro ba ce. Kullum da safe sai ki zaunar da ni, ki tura mini burodi, ki cika kofi da shayin nan naki har baki, ki tsaya a kaina sai na ci na ƙoshi, sannan ki miƙo ƙwayar in kora da sauran shayin. Ba ki taɓa tsallake rana ba. Har ƙarin madara kike yi mini, wai don kada maganin ya ƙwaƙule mini ciki.

Wajen wata biyu muna haka, jiki bai ce komai ba. Ɗanki ya samu abin faɗa. “To, ga maganin ma an sha,” in ji shi, ya ɗauki makullinsa ya fita. A lokacin na fara naɗe wasu kayana a ƙasan akwati ba tare da na gaya wa kowa ba, don ban so ranar ta zo ta same ni ban shirya ba.

Da muka koma aka sake gwajin jini, likitar ta duba ta ce abin bai motsa yadda take tsammani ba. Ta tambayi yadda nake shan maganin. A wannan karon kin biyo ni ciki, kuma ke kika amsa, da alfahari, kina lissafa burodi da shayi da madara. Likitar ta saurare ki har kika gama. Sannan a hankali ta ce, “Mama, kin yi ƙoƙari. Sai dai wannan maganin daban yake. Da ruwa zalla ake shan sa, ciki babu komai, a jira kamar awa ɗaya kafin a ci ko a sha wani abu. Shayi da madara suna tare masa hanya.”

Ban taɓa ganin fuskarki ta faɗi irin ta ranar ba. Muka dawo gida. Sai da kika zauna a kan 'yar kujerarki ta kicin, kika kalli butar shayin, kika ce, “Ashe da hannuna nake kashe miki magani.” Hawaye suka zubo miki. Na ce laifina ne, ni aka gaya wa na manta. Kika ce in rufe miki baki, mai ciwo ba ta da laifi.

Mace mai shekarunki, a ce mata dokar da ta rayu a kai ba ta yi aiki a nan ba, da yawa sai su ce likita ce ba ta san komai ba. Ke kuwa washegari da asuba ban ji ƙarar ashana ba. Na fito na tarar kin sa an ciro agogon bango daga falo an rataye shi a kicin. A kan tebur ga kofin ruwa, ga ƙwaya a kan faranti. Kwalin ashana kuma kin jefa shi cikin aljihun rigarki. Na ce, “Inna, ai ni kaɗai aka ce in jira. Ku ku sha naku.” Kika ce, “A gidan nan ba za a sha shayi a gaban mai jira ba.”

Ɗanki ya fito yana ɗaura agogo, ya ga murhu a kashe. Da ya ji dalili sai ya ce shi lodin farko ba ya jiran kowa. Kika ce, “Akwai masu shayi a tasha. A nan dai wuta ba za ta kama ba sai agogo ya ce.” Ya fita ransa a ɓace, kuma haka ya ci gaba da fita. Ke da kika ce ba mai barin gidanki da ciki wayam, kika bar ɗan cikinki yana fita haka saboda 'yar wani. Na san abin ya yi miki zafi, don na sha ganin kina bin bayansa da kallo ta taga.

Ke kanki jiran nan bai zo miki da sauƙi ba. Kan da ya saba da shayin asuba shekara da shekaru ya riƙa sara miki, ina ganin kina matse goshi kina cewa ba komai. A cikin wannan awar kike zaunar da ni a gabanki ki taje mini kai. Sai daga baya na gane cewa gashin da ke zubowa dunƙule shi kike yi a tafin hannu, ki ɓoye don kada in gani. Kina tajewa kina ba ni labarin ƙuruciyar ɗanki, yadda yake tsoron kaza, yadda ya taɓa kuka don an yanke masa farce. Ina jin so kike in tuna cewa mutumin da ke fita yana buga ƙofa yana da zuciya.

Sauƙin bai zo da gudu ba, amma ya zo. Muryata ta dawo har yaran bayan aji suna ji. Na cire rigar sanyi. Ran da na wanke labulen falo kika tsaya kina kallona kina murmushi, kika ce ai ga 'yarki ta dawo. Da na fara cewa ko na warke ne in daina shan maganin, kika daka mini tsawa. Kika ce maganin nan kamar tabaranki yake, ba a ajiye shi don ido ya ga hanya. Har yanzu akwai ranakun da jikina ke nauyi, kuma har yanzu ana duba jinina ana daidaita ƙwayar. Ɗanki kuwa ya rage ɗaure fuska, amma bai janye kalmar raguwa ba, bai kuma daina fita kafin a kunna wuta ba. Kayan nan na ƙasan akwati ban warware su ba.

Sai ciwonki ya zo. Kina kwance da robar iska a hanci, amma da na shigo da safe tambayarki ɗaya ce: “Kin sha? Da ruwa zalla?” Ana gobe za ki rasu kika ce a miƙo miki rigar da aka kawo ki da ita. Kika laluba aljihu da ƙyar, kika ciro kwalin ashana, kika kira ɗanki kika danƙa masa a hannu. Kika ce, “Riƙe. Ka san aikinta.” Ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Bayan an kai ki makwancinki gida ya cika da masu gaisuwa. A kwanakin nan ban tuna da wata ƙwaya ba, ko na tuna ban damu ba. Wadda ta tsaya mini ta tafi, kuma ban san matsayina a gidan ba. Da baƙi suka watse, na fito kicin da asuba, sai na tarar da kofin ruwa a kan tebur, ƙwaya a kan faranti. Ɗanki yana zaune a kan 'yar kujerarki, ta yi masa kaɗan, makullin bas a gefensa. Na sha maganin. Na juya zan ɗora buta, na nemi ashana ban gani ba. Sai ya dafa aljihun rigarsa ya ce, “Lokaci bai yi ba.”

Na ce, “Lodin farko fa?”

Ya ce, “Ya tafi babu ni.” Ya kalli agogo, sannan ya ce, “Na kira ki raguwa. Ki yafe mini.”

Haka muka zauna har awar ta cika, ba mai kallon wani, kowa na share ido. A ranar na warware kayan akwati. Tun daga lokacin bai fasa jira tare da ni ba, Inna, kuma shi ke dafa shayin. Shayinsa dai ruwa-ruwa ne, da kin gani da kin zubar, amma ina shanyewa tas.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijina, da ƙannensa mata, da jikokinki, da maƙwabtan da har yau suke leƙowa su ce ina Inna kafin su tuna. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ya Ubangiji, Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Inna, kin jinkirta shayinki saboda ni alhali kanki na sarawa. Allah Ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba tare da kin jira ko na minti ɗaya ba. Amin.