Wuraren da Yaya Nasiru Ya Yanke

Shekara biyar ke nan da aka kai Yaya Nasiru makwancinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon shi ne na fara rasa muryarsa. Fuskarsa tana nan a hotuna. Muryar ce ke zamewa daga kunnena, kuma ina tsoron ni na kore ta da hannuna.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A jami'a yake karatu, a harabar Kongo, amma zuciyarsa tana wani ɗan ɗaki da ke jikin zauren gidanmu a cikin birni. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango. Ya rataye tsofaffin barguna a ciki, ya ajiye kwamfuta da makirufo ɗaya da manhajar haɗa sauti. Yakan bi lunguna yana ɗaukar abin da kowa ke ji amma ba mai saurara: sandunan masu bugu a kan shadda, kukan ƙyauren gidanmu, guga yana faɗawa rijiya, waƙar niƙa ta Kaka. Sai ya jera su layi-layi a fuskar kwamfuta, kowane sauti da launinsa, har su zama abin da mutum zai gyaɗa wa kai. Ranar da Baba ya leƙo ya ce ba ya son kiɗa a gidansa, Yaya ya ce, "Ai ba kiɗa ba ne, Baba, rigarka ce ake bugawa." Baba ya juya baya don kada a ga murmushinsa.

Sai da Yaya ya tsaya sau biyu kafin ya kai ƙarshen wannan maganar, domin yana da in'ina. Sunana ma, Hadiza, maƙale masa yake yi, shi ya sa ya koma ce mini Auta. Duk ɗaukar da zai yi sai ya yi magana, ya ce a fara, ko a matso, ko a sake. Daga baya sai ya zauna ya bi ɗaya bayan ɗaya yana yanke muryarsa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Wa zai so jin mota tana ƙin tashi?" Na yi dariya a lokacin. Da na sani ban yi ba.

Ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi. Da hawaye suka ɗan tsagaita, na buɗe kwamfutar na bi ayyukansa kaf, na yi watanni ina nema. Wuri ɗaya tak na same shi, gab da Kaka za ta fara waƙa: "To Kaka, bismillah. Auta, ki daina dariya mana." Na ɗauka mantawa ya yi bai yanke ba, na gode wa Allah da mantuwar.

Bara abokinsa Bashir ya zo gaida Inna, mahaifiyarmu, ya gaya mini yanzu akwai manhajar da ke koyon muryar mutum daga ɗan guntun magana, ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Na ba shi guntun. Bayan kwana biyu na ji Yaya a wayata yana cewa, "Auta, kin dawo? Ya makaranta?" Na zauna a ƙasa na yi kuka. Daga nan na ɗora. Na sa shi ya karanta mini waƙoƙin da nake rubutawa, na sa shi ya ce ya yafe mini. Ko a cikin keke zuwa Ƙofar Doka, yana kunnena.

Wata rana na kunna wa Inna tana tankaɗe. Ta saurara har ƙarshe, rariya a hannunta. Sannan ta ce, "Muryar ta yi kama. Amma wannan bai taɓa shan wahalar magana ba. Kashe shi, Auta."

Na koma ga guntun na asali na sake ji. Babu in'ina a cikinsa ko kaɗan. Ashe ba mantawa ya yi ba. Ya bar shi ne saboda a nan kaɗai harshensa ya bi shi sumul. Na rufe ido don in tuno yadda yake maƙalewa, yadda yake jan numfashi yana buga ƙafa kafin kalma ta fito. Ƙafar na gani, sautin ban ji ba. Na'urar ce ke amsa mini, da santsin bakinta.

Me zai ce da ya ga wannan zamani? Ina so in gaya wa masu karatu cewa zai yi fushi. Amma na san yayana. Zai zauna gaban kwamfutar ya saurari kansa yana magana ba tangarɗa, ya yi murna. Abin da muka fi so a tare da shi, shi ne abin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gogewa, kuma ni na ƙarasa masa aikin.

Kaka ta bi shi bayan shekara biyu, waƙarta tana nan saboda shi. An cire tsohon ƙyaure an sa na ƙarfe, kukansa yana nan. Masu bugun lungunmu sun tashi, sandunansu suna nan. Ya adana kowa. Na goge muryar na'urar daga wayata, amma ta ƙi fita daga kaina, kuma ban san mai mayar mini da ta gaskiyar ba.

Yanzu nakan buɗe ayyukansa in duba layukan. Duk inda ya yanke kansa akwai giɓi, wani gajere, wani dogo. A dogayen na san kalma ce ta tsaya masa yana kokawa da ita. Sai in kunna, in jira shirun ya wuce, kamar yadda muke jiransa da yana raye. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sanyaya makwancinka. Ba ma gaggawa, ƙarasa maganarka.