Ranar da Kawu Buba Ya Shiga Layin Shanu

Ana tsaka da yi wa shanu allura a Doguwa, sai ga Kawu Buba, ƙanin mahaifiyarmu, ya dogaro sanda ya shiga layi bayan wata karsana.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne. Ya daɗe yana fama da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. A asibiti aka ce maleriya ce, da muka koma aka ce taifot. Wata tsohuwa kuma ta ce iska ce. Mutumin da ke yini a dawa da garke ya koma ko buta ba ya iya ɗagawa.

Likitan dabbobi ya ɗago kai ya ce, "Baba, wacce ce taka?"

"Ni ne da kaina. Bara saniyata ta kwanta kamar haka, ka yi mata allura ta miƙe."

"Baba, ai kai mutum ne."

"An gwada ni a mutum, likita, bai yi ba."

Kowa ya tuntsire da dariya, ban da likitan. Ya tambaye shi ko kaska ta cije shi. Kawu ya nuna wani baƙin tabo a cinyarsa, wanda ba a taɓa tambayarsa a kai ba a asibiti. Likitan ya ce wataƙila cizon kaskar ne ya jawo ciwon, mu koma asibiti mu nuna musu. Suka canza magani, ya warke.

Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, yana ƙorafin an hana shi allurar.

Jiya na cire wa ɗana kaska a wuya, ina dariya ni kaɗai. Ku fa, sunaye nawa aka taɓa raɗa wa ciwonku kafin a gano shi?